Madam Mairamu da Muryoyin da Suka Ɓace

Shekara ashirin da shida ke nan, kafin a buga ƙararrawar lise, wato makarantar sakandare, Madam Mairamu ta riga ta buɗe ɗakin karatu. Takan share rairayin da ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, ta yaye zanen da ke kan ordinata, kwamfutar ɗakin, ta zauna jiran 'yan lakwal. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Idanunta sun gaji, sai ta kai takarda dab da hanci take gane rubutu.

A Gure an san ta da gargaɗi ɗaya: a bar shafukan intanet masu nuna finafinan sata. Kaɗan ne cikin 'yan yanzu suka san abin da ya same ta a kansu.

Duk hutu takan shiga mota zuwa Gamu da ƙauyukan kwari, ta ɗauki muryoyin tsofaffi, da Hausa da Barbarci. Labarin rijiyoyi, da shekarun fari, da sunayen dabino. Shekara goma sha ɗaya tana tarawa a cikin ordinatar nan. Har da muryar mahaifiyarta tana waƙar daka, wata biyu kafin rasuwarta.

Wata rana malamin tarihi, wanda 'yan lakwal ke kira Mushe Hamidu, ya shigo yana son nuna wa ajinsa wani fim.

"Madam, na samo shi a wani shafi, kuma kyauta."

"Mushe Hamidu, masu shafin nan satar fim ɗin suka yi, kuma ba a nan satarsu ke tsayawa ba. Sukan cusa wa na'ura cuta. Ka ba ni sati biyu in nemo maka na halal."

Bai jira ba. Ranar da ta tafi gaisuwar mutuwa ya karɓi mabuɗin ɗakin karatu, ya buɗe shafin a ordinatar. Washegari ko murya ɗaya ba ta buɗu ba. Ɗan ma'ajin da take kwafewa a ciki yana jikin na'urar, shi ma cutar ta cinye shi. Ta ɗauki ordinatar har Damagaram. Mai gyara ya kwana biyu a kanta, ya ce ta yi haƙuri.

Rabin tsofaffin nan sun riga sun rasu.

Hamidu ya same ta a gida, ya kasa ɗaga kai.

"Yaya, ki kai ƙarata wurin darakta. Na cancanta."

Ta goge ido da bakin mayafi.

"In na kai ka, Inna za ta sake yi mini waƙa? Gobe ka zo mu shiga aji tare. Ka faɗa wa ɗalibai abin da ya faru da bakinka."

Haka aka yi. Aji bayan aji, har zauren malamai. Ta koya musu gane shafin sata: tallace-tallace masu tsalle, da neman lambar salula, da fim ɗin da ya fito jiya amma wai kyauta. Ta rubuta wa masu shirya fim takardu, wasu suka ba ta izini, ta riƙa nunawa ranar Asabar da hantsi. Raihana, tsohuwar ɗalibarta wadda yanzu ke jami'a, ta ce: "Wani shafi ya nemi in ba shi damar shiga hotunana. Fuskar Madam na tuna, na rufe."

Ke ce kika yi rashi, kika hana wasu yin irinsa, Mairamu. Ke ce ba ki taɓa kiran sunan Hamidu da mugun baki ba. Mun ga yadda kike yin shiru in maƙwabta suna daka.

Har yau ba a turo wanda zai gaje ta ba. Mun gode, uwar ɗakin karatu, Allah Ya ba ki lafiyar ido, Ya jiƙan Inna. Malamai da ɗalibai, gargaɗin nan ya dawo hannunmu, mu riƙa faɗa wa juna. Wanda kuma yake da tsoho a gida, ya je ya ɗauki muryarsa tun yana magana, ya ajiye a wuri biyu.