Ruwan Kabarin Allal

Tuhami tela ne a garin Sala, mai ɗinkin jallabiya, mutumin da ko gaisuwarsa sai ka kasa kunne kafin ka ji. Bai taɓa aure ba. Shekara ashirin da biyu ya yi a ɗakin saman shagonsa tare da wani mai suna Allal, ɗaki ɗaya, katifa ɗaya. Maƙwabta sukan ce ƙarancin wuri ne, su kau da kai.

Da Allal ya rasu, danginsa suka kwashe kayansa, su aka yi wa ta'aziyya. Tuhami kuwa ba wanda ya ce masa ya haƙuri. Kabarin kaɗai ya rage masa, duk safiyar Juma'a.

A can ya haɗu da Buwazza, mai zuba wa kaburbura ruwa, uban 'ya'ya bakwai, wanda ko raɗa ya yi sai an ji a bakin ƙofa.

Buwazza ya ce, "Mai kabarin nan yayanka ne, Malam?"

"A'a."

"Ƙane?"

"A'a."

"To suruki? Kai, ba mai yi wa suruki wannan kukan!"

Tuhami ya rasa ko dariya zai yi ko gudu. Amma mako na gaba Buwazza ya zo da shayin na'ana'a kofi biyu. Shi yana zuba labarin matarsa da ciwon bayansa, tela yana sunkuye yana ɗinke masa hammatar riga. Wata rana Buwazza ya ce ƙanwar matarsa bazawara ce, kafin a amsa ya fashe da dariya: "Bar shi, ba zan yi mugunta ba." Mugunta ga wa? Tuhami ya yi mako guda yana juya maganar. Ya sani ne, ko bai sani ba?

Ran nan Alhaji Makki, yayan mamacin, ya tarar da shi yana shuka ɗoɗɗoya a kan kabarin.

"Kai ne har nan? Abin da ka ja mana yana raye bai isa ba? Kada in sake ganin ƙafarka a wurin nan."

Sai ga Buwazza ya dangwara wa Tuhami jarka a hannu.

"Malalaci, ka tsaya hira! Yi haƙuri Alhaji, ma'aikacina ne, ni bayana ya mutu. Duk layin nan shi ke ba su ruwa. In ka kore shi, ɗan'uwanka ya bushe, kuma ni ba ruwana."

Alhaji ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya yi addu'arsa a gurguje ya tafi.

Tuhami ya ce, "Buwazza, ka san ni da shi..."

"Na san me? Na san ba ka iya riƙe jarka ba. Fara daga can."

Tun ranar, duk Juma'a tela yake bin kabari goma sha tara na mutanen da bai sani ba, Buwazza na biye yana yi masa tsiya. Har yau bai gane me abokin nasa ya sani ba. Ya dai lura da abu ɗaya: da zarar sun iso na Allal, sai Buwazza ya ce bari ya je ya duba famfo, ya daɗe bai dawo ba. Famfon kuwa lafiyarsa ƙalau.