Nonon Da Na Sha Saboda Allurar Bello

Cikin ranakun da suka zauna mini a rai har da wata safiya a ɗakin shan magani na wani ƙauye kusa da Roni, zamanin da kuɗin mai ya fara shigowa. Ni kaɗai ne malamin asibitin, ni ke duba mutane, ni ke dafa sirinji.

Wata tsohuwa daga rugar bayan dutse ta kawo jikanta Bello, bai wuce yaye ba, haƙarƙarinsa na faɗawa in ya ja numfashi. Ciwon huhu ne. Na ɗora shi kan allurar fenisilin, na ce, "Inna, ko kin ga yana wasa, a kawo shi kullum sai an gama. In aka tsaya a tsakiya ciwon kan dawo, kuma ya fi na farko tsanani." Uwar yaron, Hajjo, tana bakin ƙofa tana kallon waje. Ɗanta na fari ne, kunya ba ta barinta ta kama sunansa, balle ta nuna damuwa.

Da zazzaɓin ya sauka, tsohuwar ta aiko cewa ya samu sauƙi, a daina huda mata miji. Haka take tsokanar jikan nata. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san abin da ke biyo baya.

Washegari sai ga Hajjo da ƙwarya a ka, goyo a baya. "Malam, nono na kawo," in ji ta. "Wannan kuma biyo ni ya yi."

Yaron da ke ɗaure da zane ne wai ya biyo ta! Na haɗiye dariyata na ce, "To, tunda ya biyo ki, sauke shi." Haka muka yi ta yi kowace safiya, ina sayen nono, ina yin allura. Na sha nono har ya gundure ni.

Ranar ta ƙarshe na saurari ƙirjinsa, tas. Na ce, "An gama. Ya warke."

Ta kawar da kai ta ce, "Sai in faɗa wa mai shi." Amma sau biyu tana ɗaura goyon yana kwancewa, sai da na kama mata.

Ku masu tasowa, in kuna bayanin magani, ku ɗaga murya yadda wadda ta yi shiru a bakin ƙofa za ta ji. Sau da yawa ita ke tsayawa kan maganin har ƙarshe.