Ranar da Baba ya shanya ƙafafunsa

Na shigo gidanmu na Samaru da hantsi, sai ga ƙafafun Baba a bakin ƙofa cikin rana, sauran jikinsa yana kwance a ɗaki.

Ciwon suga ya taɓa masa jijiyoyi, tafin ƙafarsa na raɗaɗi kamar an zuba barkono. Likita ya ce ya riƙa shan hantsi saboda bitamin D, ya kuma rage fushi.

Mama ta ce, "Malam, kai aka ce ka sha rana, ba ka shanya ƙafa kamar kuɓewa ba."

Ya ce, "Ƙafa ke ciwo. Ni me na yi?"

Sai dariya ta ƙwace masa, rabonsa da ita tun da ciwon ya fara. Yinin ranar bai nemi a matsa masa ƙafa ba.

Har yau ban san wanne ya yi aikin ba, hantsin ko bakin Mama. Ku wanne kuke zargi?