Mederbek Agai da Na'ura Mai Zuciya Biyu

Allah ne Ya ba mu aronka, Ya kuma karɓi abinSa. Ranar Talata, sha huɗu ga Oktoba, da hantsi, matarka Burul eje, kamar yadda muke girmama babbar mace, ta kira ni daga asibiti ta ce, "Nurjamal, malaminku ya tafi." Haka labarin rasuwarka ya iso ni, Mederbek agai, kamar yadda muke kiran malami a nan, malamin kimiyya, wanda ya kafa dandalin Ak Chainek a intanet tun ana shigarsa ta wayar tarho, ya kuma riƙe shi kusan shekara ashirin a nan Bishkek. Na so in rubuta maka ta'aziyya mai sanyi irin wadda kowa ke rubutawa. Na gwada, ta ƙi. Takaicin da ke cikina ya fi hawayen yawa, kuma kai ka koya mini kada in rubuta abin da ban yarda da shi ba.

Ba wanda zai ce kai mai daɗin baki ne. Wanda ya kawo shirme dandali, amsarka ɗaya ce, ya je ya karanta sannan ya dawo. Ka kori mutane da dama, wasu da laifinsu, wasu kuwa don sun same ka ba ka sha shayi ba. Ni kaina ka taɓa rufe mini baki na tsawon mako saboda na ce maka tsoho. Amma ni ce na kula da ɓangaren cigiya a ƙarƙashinka, don haka na ga abin da masu zaginka ba su gani ba. A can ake sa hotunan 'yan'uwanmu da suka tafi ƙwadago Rasha aka daina jin ɗuriyarsu. Tsofaffin da ba su san ko inda ake kunna kwamfuta ba, su hawo bene har hawa na huɗu da hoto ƙunshe a ɗankwali. Ka karɓa da hannu biyu, ka ɗauki hoton a na'ura, Burul eje ta zuba musu shayi ta turo farantin borsok, soyayyen cincin ɗinmu. Wanda aka samu da rai, kai ne mai kiran uwarsa. Wanda aka dawo da shi a akwati, kai ne mai tsayuwa a filin jirgi cikin sanyi tare da dangi da ba naka ba.

Cikin waɗannan iyaye akwai Jipar eje, mai sayar da gurasa a kasuwar Osh. Ɗanta Ulukbek ya tafi aikin gini garin Surgut a Rasha, ya yi waya sau biyu, shi ke nan. Hoto ɗaya tak take da shi. Bayan ka ɗauka ka mayar mata, ta ba wani matafiyi da ya yi alkawarin nemo shi, daga matafiyin har hoton ba wanda ya dawo. Fuskar Ulukbek ta rage a wuri ɗaya a duniya, cikin na'urar dandalinmu. Sai ka riƙa buga mata a takarda. Ta ninke ta sa a aljihun rigar sanyi, ta yi ta buɗewa tana nuna wa fasinjoji a tashar mota, in ninkin ya cinye fuskar ta dawo ka buga mata sabuwa. Wata rana ta tambaye ka, "Agai, in wannan ƙarfen ya mutu fa?" Ka ce, "Eje, zuciya biyu gare shi. In ɗaya ta tsaya, ɗayar na bugawa." Faya-fayan ajiya kake nufi, tagwaye, duk abin da aka rubuta a ɗaya sai ya hau ɗayan.

Da bazarar bana tsohuwar na'urar ta gaza. Jama'a sun yi yawa, shafi sai ya yi ta juyi kafin ya buɗe. Aka tara gudummawa za a sayi sabuwar uwar garke, wato na'urar da dandali ke zaune a kai. Ka yi watanni kana bincike, ga ciwo yana cin ka. Abin da ka zaɓa wani baƙin akwati ne mai faɗi, mummuna, mai ƙara kamar injin niƙa, da faifai tagwaye da mashigar wuta biyu, irin wanda ake ajiyewa a ɗakin sanyi na masu haya ya yi shekaru ba a kashe shi ba. Talaibek, dillalin motoci, mai kula da ɓangaren saye da sayarwa, ya zo da nasa zaɓin daga shagon ƙanin matarsa. Na masu wasan kwamfuta ne, gefensa gilashi, cikinsa fitilu masu canza launi, kuma ya ce za a ajiye shi kyauta a ofishinsa.

Na tuna zaman da muka yi a gidan shayi. Talaibek ya ce, "Agai, wannan naka ai akwatin gawa ne. Dubi namu, gudu kamar walƙiya, ga haske."

Ka ce, "Hasken wa zai kalla a ɗakin da ake kullewa, ɓeraye?"

Ya ce, "To a bar jama'a su zaɓa."

Nan aka kama ka, don kai ka kafa dokar cewa komai na dandali da ƙuri'a ake yanke shi, kuma kana alfahari da ita. Aka buɗe zaɓe. Mutanen da ba su taɓa kwance ko rediyo ba suka yi ta muhawara shafi bayan shafi. 'Yan garin su Talaibek suka yi masa kara, dangin matarsa suka buɗe sababbin sunaye. Kai kuma, maimakon lallashi, ka kira masu zaɓen tumaki. Ka faɗi warwas. Ka bi hukuncin ba gardama, abu ɗaya kawai ka roƙa, a sa faifai biyu tagwaye, aka kuma sa. Tsohuwar na'urar ka ɗauko ta gida da duk abin da ke cikinta, ka ajiye a baranda tsakanin kwalaben tumatir, ka rufe da tsohon bargo. Duk 'yan kwamitin dandali sun san tana nan.

Abin da ba mu sani ba, kana kwance a asibiti hotunan motoci suka cika faifan. Talaibek ya ga faifai na biyu yana maimaita na farko kawai, a ganinsa asarar wuri ce. Ya sa aka raba tagwayen, aka share ɗaya, aka cika shi da hotunan tayoyi da kujerun mota.

Washegarin rasuwarka jama'a suka yi dafifi a dandali. Waɗanda suka shekara suna ce maka ɗan kama-karya su ne kan gaba wajen liƙa hotunan kyandir da furanni. Na'urar fitilu ta ɗau zafi a wannan ofis marar iska, faifan ya mutu. Ta'aziyyarka ce ta kashe ta, agai, kuma na san da kana nan da ka yi dariyar nan taka ta hanci. Aka liƙa sanarwa cewa ana ɗan gyara saboda yawan masu alhini.

An kafa tantin makoki a farfajiyar gidanku, an yanka doki kamar yadda al'adarmu take, mu mata muna ciki tare da Burul eje, maza suna tsaye a waje. Duk cikinsu ba wanda ya kai Talaibek ɗaga murya da kuka. Na fito ɗebo ruwan zafi na tare shi, na kira shi yaya da harshenmu, na ce, "Baike, dandali lafiya dai?" Ya share ido ya ce, "Ba komai, ƙanwata, ɗan zafi ta yi. Yau ranar kuka ce." Na yarda na koma ciki.

Bayan an binne ka, yayanka Saginbek da ya zo daga ƙauyenku At-Bashi ya raba kayanka kamar yadda ake yi. Rigar sanyinka da hularka ga waɗanda suka yi maka wanka, agogo ga wani, littattafai ga wani. Ya ɗaga bargo a baranda ya ga akwatin ƙarfe, ya ba wani surukin dangi mai gidan abinci a garin Tokmok, don ya riƙa tunawa da kai. Ban ga laifin Saginbek ba. Makiyayi ne, ya yi abin da iyayensa suka yi, kuma ba wanda ya gaya masa komai. Amma akwatin da nauyi, ga bene. Burul eje da idonta ta ga wanda ya kama ɗaya gefen aka sauko da shi, ya buɗe bayan mota, ya gyara masa zama da bargon don kada ya bugu. Talaibek ne. A lokacin ya riga ya san faifansa ya mutu, ya san babu tagwai, ya san abin da ke hannunsa shi ne kaɗai ya rage.

Sai da mako ya wuce gaskiya ta fito. Na hau mota zuwa Tokmok. Na samu na'urarka ƙarƙashin kanta, maiƙo ya fara hawanta, tana sa wa masu cin taliyar lagman kiɗa. Wani mai gyara ya riga ya share faya-fayan biyu, an zuba waƙoƙi da finafinai a kai har sun cika. Mun kai wa wanda ya san aikin, ya yi iya yinsa, ya tsamo tarkacen da ba ya karantuwa.

Na je ofishin Talaibek na tambaye shi abu ɗaya, me ya hana shi magana.

Ya ce, "A gidan makoki? Gaban surukaina da mutanen garinmu in ce na lalata dandali? Haba ƙanwata, ki yi tunani mana. Mutum ai da mutuncinsa."

Na dubi na'urar a kusurwa. Faifanta ya mutu amma fitilun na nan suna canza launi. Na fito ban yi sallama ba. A makon nan ya buɗe wani shafi na wucin gadi, ya sa sabon zaɓe, kuma ya kawo shawarar a raɗa wa na'ura ta gaba sunanka don girmamawa. Mutane suna ta yaba masa. Wallahi ƙyama nake ji, kuma ba zan ɓoye ba don ana makoki.

Jiya ina gidanku Jipar eje ta hawo benen nan da gurasa mai zafi a ƙunshe. Ta yi wa Burul eje gaisuwa, ta yi maka addu'a mai tsawo. Da za ta tafi ta ja ni gefe cikin jin nauyi, ta ciro takardarta ta buɗe. Ninkin ya bi ta tsakiyar fuskar ya cinye ido da hanci, saura gashi da kunne ɗaya da wuyan riga. Ta ce, "'Yata, na san ba lokacinsa ba ne. In kin samu sarari ki buga mini sabuwa." Na gaya mata gaskiya, don ba zan yi mata abin da aka yi mana ba. Ta ce, "Ai ya ce zuciya biyu gare shi." Na ce haka ne, eje, bai yi miki ƙarya ba. Ta mayar da takardar aljihu a buɗe, ba ta ninke ba, ta sauka tana dafa bango.

Allah Ya jiƙan ka, Mederbek agai. Ya yafe maka kaifin harshenka, Ya saka maka da tsayuwar da ka yi a filin jirgi da kowane hoto da ka karɓa da hannu biyu. Ya yalwata kabarinka, Ya sanyaya makwancinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Burul eje da 'ya'yanku mata, da Saginbek baike da dukan dangi na At-Bashi, Allah Ya ba su haƙuri. Mu da muka rage Ya shirye mu, Ya raba mu da irin mutuncin da ke sa mutum ya yi shiru. Jipar eje kuwa, ya Allah, Kai ba Ka mance fuskar kowa ba. Ka nuna mata ta Ulukbek tun tana iya tuna ta.