Kakannin Kawu Mainasara a Tsakar Gida

Kawu Mainasara ba ya barin magana ta wuce, kuma bai taɓa ɓoye wannan hali ba. In ka faɗa masa baƙa a kasuwa, sai ya kai ta gida ya yi ta juya ta har wata ya mutu. Ƙanin mahaifiyata ne, manomi a Burumburum, kuma a gidansa na tashi, hannun matarsa Kulu.

A bazarar 1954 maƙwabcinsa Audu ya ce masa a wajen wani suna, gaban mutane: "Kai Mainasara, yi shiru ana maganar masu asali. Kakanka a igiya aka kawo shi garin nan."

Kawu ya dawo gida ya share tsakar gida da kansa. Ya ajiye ƙwayar dawa biyu, ya ce uwa da uba ke nan. Gefe ya ajiye huɗu, iyayensu. Sai takwas, sai goma sha shida. Nufinsa ya nuna wa Audu cewa in aka yi ta ninkawa, kakannin kowane mutum za su fi mutanen ƙasar Kano yawa, don haka babu wanda bawa da sarki ba su haɗu a jininsa ba.

Lissafin daidai ne, ban taɓa musun wannan ba. Shi ya fara nuna min cewa kowane tuli ya fi duk waɗanda suka gabace shi a haɗe da ƙwaya biyu cif, kuma komai girmansa, in ka yi ta raba shi biyu ba za a sami ragowa ba sai ka sauko kan ƙwaya ɗaya. "Wannan ɗayar ni ne," in ji shi. Abin da na kasa yafewa shi ne dawar da ya yi lissafin da ita.

Da ƙidaya ta gagara sai ya koma awo, daga ludayi zuwa mudu. Tuli na ashirin ya kusa rabin buhu. Abincin gida ya ƙare a tuli, sai ya hau rumbu ya sauko da dammunan iri, kaura da farafara da Kulu ta zaɓa zangarniya-zangarniya tun kaka.

"Malam, irin shuka ne fa," in ji Kulu.

"Aro na yi. Sussuka min."

"Kakannin naka su za su ba mu tuwo baɗi?"

"Ke dai sussuka."

Ta sussuka, saboda a lokacin haka ake yi. Ya gauraya kaura da farafara kamar tsakuwa. A tuli na ashirin da biyu rumbu ya koma fanko, sai ya aika a kira Audu.

Audu ya zo, ya zaga tulin yana sakace. "Sannu da aiki. To a cikinsu wanne ne na igiyar?" Ya fita yana dariya.

Kawu ya hana a kwashe, wai sai dagaci ya gani. Dagaci bai zo ba, ruwan farko ne ya zo da la'asar. Muka yi ta kwasa da ƙorai da zannuwa, amma rabi ya bi lambatu, sauran ya kumbura ya tsira a ɗaki. Kowa ya fita shuka, mu babu iri. Kulu ce ta yafa mayafi ta shiga gidan Audu, ta durƙusa wa matarsa Barakatu a ba ta mudu uku. Kawu kuwa yana zaurenmu yana lissafi a ƙasa da kara. A wannan damina har tafasa da dusa muka ci.

Bayan shekara huɗu ciwo ya kwantar da shi. Muka taru, Kulu na zaune wajen ƙafafunsa. Na ɗauka gafararta zai nema. Ya dubi mazan da ke bakin ƙofa ya ce: "A ashirin da biyu na tsaya. Don Allah wanda Allah ya hore wa rumbu babba a cikinku ya kai shi talatin, a kira Audu ya zo ya gani."