Lallen da Muka Sa Shekarar Fari

Ku matso, ku ara mini kunnuwanku. Wannan ba tatsuniya ba ce, a yatsuna ta faru.

Shekarar da gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, ni da maƙwabciyata muna zaune unguwar Kara-Kara. Mazanmu sun rasu, sun bar mana ɗan abin da gwamnati ke ba matan tsofaffin ma'aikatanta. Da shi muke awo. Sai aka yi shela: an daina biya hannu da hannu, kowace ta je biro, wato ofishinsu, ta ɗora yatsa a kan na'ura, wai don a gane masu rai, a daina biyan matattu.

Raina bai kwanta ba. Wanda ya ajiye yatsanki a akwati, me zai hana shi karɓa da sunanki?

Amma hatsi ya yi tsada. Kuma tunda gaban hukuma za mu, ba ma zuwa da hannu fari kamar masu takaba. Muka kwaɓa lalle, muka ƙunsa har ya yi baƙi.

Ma'aikacin biron ya danna yatsana a gilashi, na'ura ta kawo jar wuta. Ya sake, haka.

Ya ce, "Iya, biki kuka zo? Ba ta ganin ki. Sai lallen ya fita."

Na ce, "Kai fa, kana gani na?"

"Ina gani."

"To rubuta ina da rai."

"Yanzu ba ni ke faɗa ba, Iya. Ita ke faɗa."

A hanya maƙwabciyata ta ce, "Yaya, bakinsu ɗaya da ƙarfen nan." Jikokinta da yawa, ba ta iya jira ba. Ta dinga goga yatsunta a dutsen niƙa don lallen ya fita, har suka yi sumul. Na hana ta, ta ƙi. Ni akuyata na sayar, muka yi ta shan tsararon kunu har lalle ya koɗe.

Da muka koma, na'ura ta karɓe ni. Ita kuwa zanen yatsunta ya tafi tare da lallen. Aka ce ta jira ya dawo. Fatar tsohuwa ba ta sauri.

Ta kwashi jikokinta ta koma Mirriya wurin ƙanenta, can ta rasu kafin damina. Ma'aikacin, na ji an kai shi Yamai. Ni nawa kuɗin yana shigowa ta waya, jikata ke duba mini. Na sha tambaya ina nata ya tafi, ba wanda ya ba ni amsa. Lalle kuwa, ko a bikin jikar tawa ban sa ba.