Karen Ruwan da Nake Auna wa Nutso

Shekarar da nake digiri na biyu a Keffi na karanta labarin wata dabba ta Ostireliya mai baki irin na agwagwa, wadda ke rufe ido ta nutse ta lalubi abinci a ƙasan ruwa, masana na bakin rafi suna auna daɗewarta a ciki. Na ce ai mu ma muna da karen ruwa. Malamin da ke duba aikina ya yi dariya, ya ce in na samo ko ɗaya a rafukan nan da masu haƙar yashi suka gama dagulawa, ya amince in yi bincikena a kansa. Wata huɗu ina yawo kafin na dace da wata macen karen ruwa a wani gurbi kusa da Panda.

Kullum da sassafe ina kan dutse da agogo da littafi. Ta nutse in danna, ta ɗago da ƙaguwa a baki in rubuta. Wallahi har na san inda za ta ɓullo, 'yan kumfa ke fara tasowa. Mako shida ya rage mini, digirina kacokan yana wuyan dabbar nan.

Wani dattijo masunci ne ya ba ni izinin zama wurin. Kullum sai ya tambaye ni ya aiki, ni kuma da bakina in ce dabbar nan tana ba ni wahala. Ban taɓa zama na yi masa bayani ba. Girman kan boko ne kawai, na ɗauka ba zai gane ba.

Wata Laraba na tarar da shi yana jirana da buhu. A garinsu abin kunya ne a bar baƙo yana wahala kan abin da mai gida zai iya samo masa. Ya ce kwana uku ya bar kamun kifi yana ɗana mata tarko. Ya kwance buhun, sai ga dabbar matacciya, gashinta ko bushewa bai yi ba.

"'Yata, ga ta nan. Je ki huta, rana ta ƙona ki."

Na ce, "Na gode, Baba." To me zan ce? Shi da kansa ya ɗaure mini buhun a bayan babur, yana murna.

Sai a gida na ga nonuwanta a cike. Na ce ashe da sauran rabona, tana da 'ya'ya. Kwana biyar ina bin gaɓar rafin ina neman raminsu, ina kuka kamar wata yarinya. A na shida warin mushensu ne ya kai ni wurin. Ban sake taka ofishin malamin ba.